Ranar Da Anti Lissafi Ta Faɗi Lissafi

Jama'a, ku yi min afuwa, kwana biyu kun ji ni shiru. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in ba zan auri Likita ba in taimaka in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ɗan dakata tukuna, ki fara jin abin da ya same ni ranar Litinin.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: shekarata ashirin da shida, ni ce babba a ɗakinmu, kuma ina aiki a wani kamfani da ke haɗa darussan 'yan firamare ana saka su a manhajar waya. Ni nake rubuta darussan lissafi, ni nake karanta su da bakina. Yaran ba su taɓa ganin fuskata ba, muryata kaɗai suka sani, su ne ma suka raɗa min suna Anti Lissafi. Shi kuwa Likita, likitan haƙori ne, ɗan wan mijin Goggona. Wata huɗu kenan da Goggo ta ɗauko shi ta dire mana a falo kamar wadda ta sayo sabon firji tana jiran a yaba. Kuma tsakani da Allah ba shi da makusa. Ga kunya, ga tsafta, ga girmama mutane. Magana ɗaya ce tasa ta tsaya min a wuya ta ƙi wucewa. Ranar da na nuna masa aikina, murmushi ya yi ya ce, "In an yi aure ai sai ki huta da wannan wasan wayar."

Wasan waya. Hmm.

To, ranar Litinin tun ƙarfe bakwai Goggo ta yi sallama. Ina gaban madubi na saka doguwar rigata ruwan toka ina naɗa mayafi, sai ga ta ta bankaɗo labule.

"Wannan tsummar za ki saka? Ta'aziyya za ki?"

"Goggo ina kwana. Ofis fa zan je."

"Na sani. Cire ta. Yau da rana yaron nan zai biyo ya ɗauke ki ku ci abinci, ni na ce masa ya zo."

Da kanta ta buɗe durowata ta zaro shuɗiyar atamfata mai zanen ganye, wadda ko sau biyu ban saka ba, ta haɗa min da farin mayafi da awarwaro shida. Umma na tsaye bakin ƙofa riƙe da kofin shayi tana kallonmu. Ummata ba ta faɗa, ido take zuba maka har ka ji kamar kai ka yi laifin duniya.

Goggo ta zauna bakin gado ta gyara ɗankwali. "Ranar Asabar manyansa za su zo wajen kawunki. Ba zan bar dattawa su wanke ƙafa su zo a banza ba. Yau nake son amsa, kuma ina nan zaune har ki dawo."

Umma ta ce a hankali, "Ba wanda zai yi miki dole. Amma ki duba, ba kullum ake samun irinsa ba."

Ku da kuke da iyaye kun san "ba wanda zai yi miki dole" ta fi dolen nauyi.

Ofishinmu a saman wani shagon tayil yake, matakala ashirin da biyu. Dogon tebur ne guda ɗaya kowa da kwamfutarsa, bango kuma cike da zanen da yara ke aiko mana. A can ƙarshe akwai ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar murya da aka manna wa soso, inda nake yini ni da Mai Sauti. Haka kowa ke kiransa. Dogo ne siriri, ba ya rabo da abin jin sauti rataye a wuya, kuma in ya yi maka magana goma a yini to ranar ya yi surutu. Shekara biyu muna aiki, yana bayan gilashi ina gaban makirufo.

Ina shiga ya kalli hannuna ya ce, "Awarwaro."

"Na sani, za su yi ƙara a makirufo. Zan cire."

Ban kai ga cirewa ba aka ce Malama Babba na kiran kowa.

Bari in gaya muku wace ce Malama Babba, don in ban da ita da labarin nan ya ƙare daban. Ita ta kafa kamfanin. Shekara ashirin da uku ta yi tana koyar da 'yan aji uku kafin ta ajiye, kuma har yau in ka buɗe jakarta sai ka ga guntun alli. Ba ta da ofis nata na daban, a dogon teburin nan take zama tare da mu. Doka ɗaya ta kafa wadda ba ta ɗaga wa kowa ƙafa: duk ma'aikaci, ko mai haɗa manhaja ne ko mai amsa waya, sai ya je ya zauna a bayan aji na gaske sau ɗaya a wata, ya ga yaran da yake yi wa aiki.

Ta ajiye wayarta tsakiyar tebur ta ce, "Wata malamar aji huɗu ta kira ni yanzu. Ku saurara."

Ta danna. Sai ga muryata, tas da ita, cike da fara'a: "Tunda uku ta fi biyu yawa, kenan ɗaya bisa uku ta fi ɗaya bisa biyu girma. Madalla! Mu je misali na gaba."

Wayyo Allah.

Nan take na gane abin da ya faru. A rubutuna, wannan jimlar tarko ce. Bayanta akwai shafi guda da zan ce, "Haka ne? A'a, ku tsaya mu duba!" sannan in warware. Ranar Alhamis da muka ɗauka, shafi biyu na haɗa na juya. Hankalina ba ya jikina ranar, don da safen ne Goggo ta fara zancen Asabar.

"Yara nawa suka ji?" in ji Malama Babba.

Ɗaya daga cikin masu haɗa manhajar ya duba kwamfuta. "Daga Juma'a zuwa yanzu, dubu huɗu da ɗari biyu."

Na miƙe tsaye, awarwaron da Goggo ta sa ni na saka na ta ƙara kamar suna yi min dariya. "Malama, laifina ne. Ni na tsallake shafin."

Kun san abin da ya zo min a rai a lokacin? Na ce shikenan, Goggo ta yi nasara ba tare da ta sha wahala ba. Yau za a sallame ni, in koma gida in huta da wasan waya.

Malama Babba ta ce, "Zauna. Wa ya saurari darasin nan kafin ya fita? Ya ɗaga hannu."

Mai Sauti ya ɗaga. Mai duba darussa ta ɗaga. Sai Malama Babba ta ɗaga nata ita ma.

"Ni a mota na ji shi, ina amsa wata wayar. Kun ga mu huɗu kenan. Kai Mai Sauti, me ya hana ka magana?"

Ya sosa ƙeya. "Na ji wani iri. Sai na ɗauka ni ne ban iya lissafi ba."

Aka yi 'yar dariya, ni dai hawaye ne taf idona.

Mai haɗa manhajar ya ce, "Abu mai sauƙi ne, Malama. Ta sake ɗauka yanzu, in musanya shi kafin azahar. Ba wanda zai sani."

"Za ka musanya, wannan dole ne. Amma yaro dubu huɗun da suka riga suka ji fa? Ka taɓa ganin yaron da ya koma darasin da ya gama?" Ta juyo gare ni. "Malamar ta ce yarinya ɗaya a ajinta ta ɗaga hannu ranar Juma'a ta ce Anti Lissafi ta yi kuskure. 'Yan ajin suka yi mata ihu, wai ta fi waya sani. Da kuka ta tafi gida. Yau ko kai ta ƙi ɗagawa. Wanke fuskarki, can za mu. A gabansu za mu ɗauki gyaran, shi za mu tura wa kowa."

Sai dai motar kamfani ta fita kai kaya wata makaranta tun safe. Muna tsaye ana shawara wayata ta yi ƙara, saƙon Likita ne.

"Salam. Na iso da wuri, ina ƙasa. Kada ki yi sauri, zan jira."

Na rasa inda zan sa kaina. Malama Babba ta ga yadda na yi, ta ce, "Waye?" Na faɗa mata a kunyace. Sai ta saɓa jakarta ta sauka matakala, muka bi ta a baya.

Likita na jingine da farar motarsa, cikin yadi ruwan madara da ya sha guga, ƙamshin turarensa har bakin shagon tayil. Ta tsaya gabansa.

"Kai ne Likita?"

Ya rusuna. "Ni ne, Mama. Ina wuni."

"Lafiya lau. Motarka da mai?"

Haka fa, jama'a, abincin ranar da Goggo ta shirya ya koma. Malama Babba a gaba, ni da Mai Sauti a baya, jakar na'urori a tsakaninmu. A hanya ta sa aka tsaya ta sayi lemo leda biyu, ta ari wuƙa wajen mai lemon ta ce za ta dawo masa da ita. Likita na ta satar kallona ta madubi, ni kuwa na ƙura wa taga ido ina maimaita abin da zan ce. Mai Sauti ya miƙo tafin hannunsa ba tare da ya dube ni ba. Na zare awarwaron shida na zuba masa, ya saka a aljihun jaka. Na ga idon Likita a madubi ya bi hannun nan.

Makarantar ƙarama ce, ajin kuma cike, sun fi arba'in, uku uku a benci. Malamarsu ta ce musu an yi baƙi, suka miƙe suka gaishe mu da ƙarfi. Ba wanda ya san ni. Kallon atamfata kawai suke yi.

Malama Babba ta raɗa min, "Fara yadda kike farawa."

Na ce, "Sannunku yara. Ku ajiye wasa, ku ɗauko hankali, mu ƙirga."

Ajin ya yi tsit. Sai wata daga gaba ta dafe ƙirji ta ƙwalla, "Anti Lissafi ce!"

Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Wasu suka hau benci, wasu na tafi, wani na cewa shi ya ɗauka tsohuwa ce. Shekara biyu ina magana da soso a bango, ashe ga inda maganar take sauka. Da ƙyar malamarsu ta zaunar da su.

Na ce, "Na zo ne don na yi kuskure. Ranar Juma'a na gaya muku ɗaya bisa uku ta fi ɗaya bisa biyu. An ce mutum ɗaya a ajin nan bai yarda ba. Waye?"

Duk suka juya baya. Tana can ƙarshen benci jikin bango, 'yar ƙarama, ta kifa kai a kan jakarta. Na taka har wajenta na durƙusa, ban damu da ƙurar da atamfata za ta kwasa ba.

"Ke ce da gaskiya. Ni ce na faɗi ba daidai ba. Ki yafe min dariyar da aka yi miki saboda ni."

Ta ɗago a hankali, idanunta jajur. Ta daɗe tana kallona kamar tana jiran in ce wasa nake.

Na ce, "Ya aka yi kika gane?"

Muryarta can ƙasa, har sai da Mai Sauti ya matso da makirufo. "Da mu biyu ne a gidanmu, ni da yayata. In Mama ta raba mana burodi ɗaya, nawa babba ne. Da aka haifi ƙanena ya fara ci, sai nawa ya ragu."

Na juya na kalli Malama Babba. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na motsi, ban san dariya take ko kuka ba. Ni da na yi kwana uku ina rubuta darasin nan, ban samo misalin da ya kai wannan ba.

Daga nan aka shiga yanka lemo. Na yanka na farko ya fito a karkace, yara suka ce ba su yarda ba, an yi son kai. Sai ji na yi an ce, "Kawo wuƙar." Likita ne, ya naɗe hannun rigarsa. Jama'a, hannun likita daban ne. Ya raba wannan biyu cif, ya raba wancan uku cif, ya ɗaga rabi a dama, kashi ɗaya cikin uku a hagu.

Na ce, "Wanne kuke so?"

"Rabiii!"

"Me ya sa?"

"Ya fi girmaaa!"

Ruwan lemo ya ɓata masa gaban riga, ko a jikinsa. Har da ce musu kowa ya kuskure baki bayan ya sha.

Da muka gama yaran suka yanyame ni, kowa na son in faɗi sunansa da muryar waya. Malama Babba ta ja malamar gefe tana karɓar lambar iyayen yarinyar, don ta ce ba za a saka muryar 'yar mutane a manhaja ba sai sun amince. Likita da Mai Sauti suka koma bakin ƙofa suna jiranmu.

A hanyar dawowa, bayan ta mayar wa mai lemo wuƙarsa, Malama Babba ta juyo ta dube ni.

"Daga yau kowane shafi za a buga masa lamba ƙatuwa, kuma mutum biyu za su saurari darasi da takarda a hannu. Wannan gyaranmu ne. Naki gyaran kuma, kada ki ƙara shiga ɗakin nan hankalinki na wani wuri. In kina da damuwa ki ce min, in ba ki yini. Darasi zai jira."

"To Malama. Na gode."

"Kuma kin yi ƙoƙari yau. Na ga malaman da suka shekara talatin ba su taɓa durƙusa wa ɗalibi ba."

Likita ya sauke mu a bakin ofis ya wuce.

Bayan la'asar na isa gida. Goggo na nan kamar yadda ta yi alkawari, ta baje a kan doguwar kujera, Umma na gefe tana ninke wanki.

"Ke! Me ya sami gwiwar atamfar nan? Ina kuka je cin abincin, gona?"

"Goggo bari in watsa ruwa, zan ba ki labari."

Na shige ɗaki na turo ƙofa, na faɗa kan gado ko mayafi ban cire ba. Saƙo biyu na tarar. Na farko na Likita ne.

"Maganar da na taɓa faɗa miki a kan aikinki, na janye ta. Ban san abin da nake cewa ba. Ki yi haƙuri. Ko da wa za ki zauna, kada ki bar wannan aikin."

Na karanta sau uku. Ko da wa za ki zauna? Me ya kawo wannan kuma?

Na biyu na Mai Sauti ne, ya turo sautin da muka ɗauka, da layi ɗaya a ƙasa: "Ga na yau. Ban yanke komai ba. Ki ji har ƙarshe."

Na saka iyafis a kunne na danna. Na ji ihun yara, na ji muryar yarinyar da burodinta, na ji "Rabiii!" har na yi murmushi ni kaɗai. Darasi ya ƙare a minti na goma sha tara. Amma sautin bai tsaya ba, saura minti biyu. Hayaniyar yaran ta yi nisa, alamar mai riƙe da na'urar ya koma bakin ƙofa. Sai na ji muryar Likita, kusa sosai.

"Malam, in tambaye ka mana. Tun yaushe kake sonta?"

Na tashi zaune.

Shiru. Har na ɗauka wayar ce ta tsaya. Sannan muryar Mai Sauti, a hankali.

"Na'urar nan a kunne take."

"Bar ta a kunne. Tun yaushe?"

"Tun watanta na farko."

"Ka faɗa mata?"

"A'a."

"Me ya sa?"

"Na ga an kawo mata wanda ya fi ni komai."

Likita ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta jin daɗi ba. "Wata huɗu ina zuwa gidansu, sai yau na san wace ce ita. Kai kullum kana jin ta. Ni dai ina sonta, kuma ban fasa ba, kada ka ji da wai. Ranar Asabar manyana za su je. Amma ba na son ta amsa min don ba ta san da kai ba. In kai namiji ne, ka tura mata wannan."

Ƙit, sautin ya ƙare.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka riƙe da wayar ba. Shekara biyu mutumin nan na bayan gilashi yana ɗaga min yatsa in fara, yana ɗaga min yatsa in tsaya, ko sau ɗaya bai taɓa bari na gani ba. Ga kuma Likita, wanda na gama yanke masa hukunci a raina tun kan magana ɗaya, shi ne ya buɗe wa abokin takararsa ƙofa da hannunsa. Ku gaya min, don Allah, wa zan ƙi a cikinsu in ce na yi adalci?

Ƙofa ta buɗe ba sallama. Goggo ce, hannu a ƙugu, Umma na leƙowa ta bayan kafaɗarta.

"Ruwan kenan da za ki watsa? Yamma ta yi, ni gida zan tafi. Me zan ce wa mutanen nan?"

Na zare iyafis ɗin na ajiye a kan filo.

"Goggo, ki ce su dakata da zuwan Asabar."

"Su me?"

"Ban ce a'a ba. Amma akwai wanda zan fara yi wa tambaya gobe a ofis."

Goggo ta saki baki. Umma kuwa ta raɓa ta gefenta ta shigo, ta mayar da ƙofar ta rufe har da sakata, ta zauna kusa da ni a bakin gado.

"Waye shi?" ta ce.